Idan asibiti sun ce "ku kai shi gida", aikin wa ya rage?

Daga Hanwa nake muku magana, nan Zariya, kuma kamar kullum ga rubutaccen shirin saboda waɗanda datarsu ba ta kai ta sauraro ba.

Maganar yau ta mutum biyu ce. Na farko shi ne matashin da ya ci burin karatun likita a ABU, makin JAMB bai kai ba, ya ƙare a makarantar koyon aikin lafiya yana jin kamar an rage masa daraja. Na biyu kuma gidan da suke da marar lafiya a ɗaki, wanda aka sallamo daga Shika aka ce ba sauran abin da za a yi, yana kwana yana nishi, su ma ba sa barci. Mutanen nan biyu suna buƙatar juna, kuma galibi ba su sani ba.

Bari mu fara da sunan aikin. A Amurka akwai ma'aikacin da suke kira mataimakin likita, a taƙaice PA. Ba nas ba ne, ba kuma likita ba. Yana duba marar lafiya, ya gano ciwo, ya rubuta magani, amma yana aiki ne tare da likita. Wani likita mai suna Eugene Stead ne ya fara horas da su a Jami'ar Duke a 1965, lokacin da ƙasar ke fama da ƙarancin likitoci. Ɗalibansa na farko tsofaffin ma'aikatan jinya ne na sojan ruwa, mutanen da hannunsu ya riga ya saba da rauni da jini, takarda ce kawai babu. Rukunin farko sun kammala a 1967.

A wannan shekarar dai, 1967, wata mata a Landan mai suna Cicely Saunders ta buɗe gidan jinya na St Christopher's domin waɗanda ciwonsu ba ya warkewa. Ku lura da tarihinta, don yana da daɗin ji: nas ce da farko, ta koma ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a asibiti, sai daga baya ta karanci likitanci. Abin da ta dage a kai shi ne raɗaɗin mai ciwon ajali ba a jiki kaɗai yake ba. Akwai na zuciya, akwai na tunanin iyali da bashi, akwai na tsakaninsa da Ubangijinsa. Daga nan aka samu fannin da zan riƙa kira kulawar sauƙaƙa raɗaɗi. Gidan da ake yin ta ga wanda ya kusa cikawa shi ake kira hosfis.

A nan nake son ku gyara wata fahimta. Kulawar sauƙaƙa raɗaɗi ba ta nufin an yanke ƙauna. Ana iya fara ta tun ranar da aka gano sankara, tana tafiya tare da gashi da allurar kashe ƙwayoyin cutar. Mai sikila da ƙashinsa ke sara, mai ciwon ƙoda da ake wa wankin jini, mai shanyewar ɓarin jiki, mai cutar HIV da ta yi nisa, duk suna ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar wannan kulawa duk shekara, kuma kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai ke samu. Mafi yawan waɗanda ba sa samu suna ƙasashe irin tamu.

To mu a Najeriya wa ke tsaye a gurbin PA ɗin nan? Ba mu da shi da wannan sunan. Gana suna da shi. Kenya da Uganda suna da jami'an duba marasa lafiya masu irin aikinsa. Mu wanda ya fi kusa shi ne jami'in lafiyar al'umma, CHO, sai na ƙasa da shi, CHEW da JCHEW. Matakalar haka take: JCHEW shekara biyu, CHEW shekara uku, a makarantu irin Kwalejin Shehu Idris da ke Maƙarfi. Bayan an yi aiki an goge, sai a nemi karatun CHO, wanda ake yi a manyan asibitocin koyarwa, har da namu na ABU. Akwai hukumar da ke musu rajista, wadda aka kafa da doka a 1992, kuma suna da littafin ƙa'idojin aiki da ya fayyace abin da za su yi da kansu da abin da dole su tura gaba. Je ka kowane ƙaramin asibitin unguwa ko na ƙauye, wanda za ka tarar a kan kujera galibi ɗayansu ne. Mutanen gari ma "likita" suke ce masa. Wannan sunan fa tarko ne, za mu dawo kansa.

Yanzu ku dubi yadda abin yake a nan. Asibitin koyarwa na ABU ya tashi daga Tudun Wada ya koma Shika a 2005, kuma yana cikin 'yan asibitocin Arewa da ke da sashen kula da masu sankara. Daga Hanwa ka hau mota a Kwangila, ka bi ta Samaru, ka isa. Mu da muke kusa ke nan. Amma akwai wanda ya taso daga ƙauyen Katsina ko Zamfara, ya sayar da akuya da buhun masara. Kuma matsalar da likitocinmu suka daɗe suna kuka da ita ita ce mutane ba sa zuwa sai ciwo ya ci jiki. An yi na gargajiya, an yi na kemis, an yi tofi, sai da nono ya fashe ko fitsari ya tsaya sannan aka zo. Likita ya duba ya ce ku koma gida. Ko kuma kuɗi su ƙare, 'yan'uwa su sa hannu su ɗauke shi.

Daga ranar ne aikin da nake magana yake farawa. Likitan Shika ba zai biyo shi gida ba, layin da ke gabansa ma ya ishe shi. Wanda zai iya shiga gidan da sallama, wanda ya san mai unguwa, wanda matan gidan ba za su ji kunyar buɗe masa ko buɗe mata ciwo ba, shi ne ma'aikacin lafiyar unguwa.

Me zai yi in ya shiga? Abubuwa ne da ido ke rainawa. Juya marar lafiya duk bayan awa biyu don kada bayansa da ƙugunsa su yi gyambon kwanciya. Goge masa baki da jiƙa leɓensa. Wanke miki yadda wari zai ragu, don wari kaɗai yana sa 'yan'uwa su daina shiga ɗaki, shi kuma yana lura, kuma abin yana cinsa fiye da ciwon. Koya wa mai jinya yadda za ta ɗaga shi ba tare da ta karya nata bayan ba. Sanin ranar da ya kamata a ce a'a, wannan a mayar da shi asibiti yau. Sannan zama a saurara. Wani dattijon so yake ya yi wasiyya, ya faɗi bashin da ake binsa, a kira masa ɗan'uwan da suka yi shekaru ba sa magana, amma kowa na cewa "haba Baba, za ka tashi". Al'adarmu ta ɓoye wa marar lafiya gaskiya daga tausayi ta fito, na sani. Amma ni a ganina sau da yawa mun fi kare kanmu daga nauyin maganar fiye da yadda muke kare shi. Ma'aikacin da ya ƙware ba ya jefa labari kamar dutse. Tambaya yake yi: Baba, me ka fahimta game da ciwon nan? Me kake so ka sani? Wanda ba ya son sani a ƙyale shi. Wanda yake so kada a hana shi. In limami yake so a kira masa, in fasto ne a kira masa.

Sai babbar magana, maganin ciwo. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai hawa uku: a fara da irin su farasitamol, in bai yi ba a hau zuwa masu matsakaicin ƙarfi irin kodin, in bai yi ba a hau zuwa mofin. Kuma a bayar ta baki, a kan lokaci, ba sai ciwo ya dawo mutum yana ihu ba. Mofin na ruwa duk awa huɗu ake sha, kuma dole a haɗa shi da maganin sassauta ciki don yana ƙulle bayan gida. Ba magani ne mai tsada ba. Abin da ke hana shi isa gidaje tsoro ne da doka.

Tsoron kuma yana da dalili, kada mu yi wa kanmu ƙarya. Mu ne muka ga abin da kodin da tiramol suka yi wa matasan Arewa, har gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. Duk uwar da ta ga ɗanta ya lalace a kan kwalba, in ka ce mata za a ba mijinta mofin sai gabanta ya faɗi. Amma wanda sankara ta shiga ƙashinsa, aka auna masa daidai, ana bibiyarsa, lamarinsa daban ne da na mai sha don maye. Abin takaici shi ne mai neman maye ya san lungun da zai samu, mai ciwo na gaskiya kuma shi ke kwana da azaba.

Ga abin da Uganda suka yi. Wata likita, Anne Merriman, wadda ta yi shekaru tana aiki a kudu maso gabashin Najeriya tun tana matashiya, ta kafa Hospice Africa Uganda a 1993. Suka riƙa haɗa mofin na ruwa daga gari, suna sa masa launi don a bambance mai ƙarfi da marar ƙarfi. Sai suka ci karo da irin matsalarmu: magani ya samu, likitan da zai rubuta babu a karkara. A 2004 ƙasar ta gyara dokarta, ta ba nas-nas da jami'an duba marasa lafiya da suka yi horo na musamman damar rubuta mofin. Horo na musamman fa, ba kowa ba. Ko a Amurka ma, inda aka haifi aikin PA, sai a Janairun 2019 tsarin inshorar tsofaffi na gwamnati ya amince PA ya zama babban mai kula da marar lafiya a hosfis, kuma har bayan haka sa hannun da ke tabbatar da cewa ciwon na ajali ne yana wurin likita. Kun ga fiye da shekara hamsin ke nan kafin su kai nan.

A gida kuma, Farfesa Olaitan Soyannwo ta Ibadan na cikin waɗanda suka share hanya. A 2007 aka buɗe sashen wannan kulawa a asibitin koyarwa na UCH, a shekarar kuma aka kafa ƙungiyar masu wannan aiki ta ƙasa, HPCAN. A 2014 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar sauke wasu ayyukan likitoci da ungozomomi zuwa ga ma'aikatan ƙasa da su, amma ƙarfinta ya fi karkata ga haihuwa, yara, tazarar haihuwa, HIV, tarin fuka da maleriya. Rubuta mofin a tsarinmu aikin likita ne.

Shi ya sa na ce sunan "likita" tarko ne. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana CHEW ko CHO, ranar da ka fara sayo allurar da ba ka da hurumin yi kana tsira wa mutane a gida, ka jefa su cikin haɗari, ka jefa lasisinka, kuma ka ba masu cewa "ba za a iya amince musu ba" hujja. Jagoranci a wannan fanni ta wata hanya yake zuwa. CHO ne ke riƙe ƙananan asibitoci da yawa, daga cikinsu ake samun masu kula da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, daga cikinsu ake samun malaman makarantun lafiya. Mai riƙe da asibitin unguwa yana da ikon buɗe littafi ya rubuta gidajen da ke da majinyaci a kwance. Yana da ikon ware rana ɗaya a mako ta zagayen gida-gida, wanda dama yana cikin asalin aikin CHEW, an dai bar shi ne saboda ƙarancin hannu. Yana iya neman lambar nas ko likitan da ya sallami majinyacin, ya zama shi ne idonsu a unguwa: ciwo ya ƙaru, maganin ya kusa ƙarewa, ga abin da na gani. Likita ya rubuta, mai harhaɗa magani ya bayar, shi kuma ya tabbatar ana sha daidai, kuma ragowar kwalbar ba ta faɗa hannun yaran gida ba bayan rasuwa.

Maganar kuɗi kuwa, ba zan yaudare ku ba, ba fannin da ake arziki da shi ba ne. Yawancin masu yin sa a ƙasar nan suna haɗa shi ne da aikinsu na yau da kullum. Kuma yana cin zuciya. Za ka saba da mutum, ka san sunayen jikokinsa, wata safiya a kira ka jana'iza. Wanda ba shi da abokan aikin da zai zauna da su ya sauke abin da ke ransa ba ya daɗewa.

Wanda duk da haka ya ji yana so, ga inda ƙofofin suke. Ka kammala rajistarka da hukuma tukuna. In an tura ka koyon aiki a babban asibiti, ka nemi a kai ka ɓangaren masu sankara ko masu sikila maimakon ka guje shi. Ka bibiyi HPCAN da tarukansu. Cibiyar horaswa ta Hospice Africa da ke Kampala tana ba da kwasa-kwasai har zuwa digiri tare da Jami'ar Makerere, kuma 'yan Afirka ta Yamma suna zuwa. Ranar Asabar ta biyu a watan Oktoba ita ce ranar wannan kulawa ta duniya, rana ce mai kyau ta tara matan unguwa a koya musu juya majinyaci da wanke miki.

Ku kuma masu majinyaci a gida, ranar sallama kada ku fito daga ofishin likita sai kun yi tambaya uku: wane magani za a ba shi in ciwo ya tashi da dare, a ina za mu sabunta shi in ya ƙare, kuma wa za mu kira. Ku sa a rubuta muku a takarda, ku kai takardar asibitin unguwarku su ma su gani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a shiri na gaba.