Sakaci da Diyya: Yadda Doka ke Auna Alhakin Wanda ya Jawo Rauni

Gabatarwa

Bahaushe kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Da wannan magana ake rarrashin wanda mota ta banke, ko gini ya rufta masa, ko injin masaƙa ya guntule masa yatsu. Sai dai kuma yarda da ƙaddara ba ta sauke alhaki daga wuyan wanda ya yi sakaci. Shari'ar Musulunci ta ɗora diyyar raƙuma 100, ko dinari 1,000, a kan kisan kuskure, ta kuma yanka wa gaɓoɓi nasu kason, watau raƙuma 10 ga yatsa, raƙuma 5 ga haƙori. A manyan kotunan Nijeriya kuwa, ana bin dokar sakaci wadda aka gada daga Ingila. Wannan maƙala za ta bayyana asalin wannan doka da ma'aunan da take amfani da su.

Dodon Koɗi a Cikin Kwalba

A watan Agusta na 1928, a garin Paisley na ƙasar Sikotland, aka saya wa wata mata mai suna May Donoghue lemon citta a kwalba mai duhu, wadda ba a ganin cikinta. Bayan ta sha rabi, aka tsiyaye sauran, sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi, kamar yadda ta faɗa a ƙararta. Ta yi fama da ciwon ciki, ta kai ƙarar mai kamfanin, David Stevenson. Matsalar ita ce babu ciniki tsakaninta da shi, domin ba ita ta biya kuɗin ba, kuma a kanti aka saya.

A 1932 kotun ƙoli ta Birtaniya, da rinjayen alƙalai 3 a kan 2, ta ce tana da ikon yin ƙara. Mai Shari'a Atkin ya kafa ƙa'idar da ake kira ƙa'idar maƙwabci: wajibi ne mutum ya yi hattara da duk wanda hankali ya nuna aikinsa zai iya shafa, ko sun san juna ko ba su sani ba. Stevenson ya rasu kafin a saurari shaidu, magadansa suka biya ta fam 200.

Ginshiƙai Huɗu

Mai neman diyya sai ya tabbatar wa kotu abubuwa huɗu. Na farko, cewa akwai nauyin kulawa a kan wanda ake ƙara, kamar na direba ga masu tafiya a ƙasa, ko na likita ga majinyaci. Na biyu, cewa ya gaza sauke wannan nauyi. Ma'auni a nan shi ne abin da mutum mai hankali zai yi da a ce shi ne a wurin. Ƙwararre kuwa da takwarorinsa ake gwada shi. Na uku, cewa gazawar ce ta haddasa raunin. Na huɗu, cewa an yi hasara ta haƙiƙa. Idan ginshiƙi ɗaya ya faɗi, ƙarar ta faɗi. Ba a buƙatar hujjar da ta kawar da dukkan shakka kamar a shari'ar laifi. Ya isa hujjar mai ƙara ta rinjayi ta abokin shari'arsa.

Inda Kimiyya ke Shigowa

Ginshiƙi na uku shi ne mai wuyar sha'ani, kuma a nan alƙali ke jingina da likitoci da masana haɗa magunguna. Tambayar da ake yi ita ce: da ba a yi sakacin ba, shin raunin zai auku?

Alal misali, ranar 1 ga Janairu 1966 wasu masu gadi uku a Landan suka sha shayi, suka yi ta amai, suka garzaya asibiti. Likitan da ke bakin aiki bai fito ya duba su ba, ya aika musu cewa su koma gida. Bayan 'yan sa'o'i ɗayansu ya mutu, bincike ya nuna gubar arsenik ce a cikin shayin. Kotu ta yarda an yi sakaci, amma ta hana matarsa diyya, domin masana sun shaida cewa ko da an kwantar da shi, makarin gubar ba zai riske shi a kan lokaci ba.

Irin wannan taƙaddama ce ta taso a Kano. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, inda aka sa yara kimanin 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ɗora laifin a kan gwajin, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. An yi amfani da gwajin ƙwayoyin halitta wajen tantance masu haƙƙi, kuma sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu.

Yadda Ake Ƙiyasta Diyya

Manufar diyya ita ce mayar da mutum matsayin da yake kafin hatsarin, gwargwadon abin da kuɗi zai iya. Kashi biyu ce. Akwai hasarar da ake lissafawa daki-daki, kamar kuɗin asibiti, gyaran mota da albashin da ya salwanta, kuma wannan sai da rasit ko wata shaida. Akwai kuma wadda alƙali ke ƙiyastawa, kamar raɗaɗi, naƙasa da rashin iya sana'a nan gaba.

Har ila yau, ana rage diyya idan wanda aka raunata yana da nasa sakacin. A 1975 Mai Shari'a Denning na Ingila ya yanke cewa wanda bai ɗaura bel ɗin mota ba za a zabge masa kashi 25 cikin 100 idan bel ɗin zai hana raunin ɗungurungum, ko kashi 15 idan zai rage shi kawai.

Ma'aikaci kuwa yana da wata hanya dabam. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi. Daga nan ake biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki, ba sai ya tabbatar da sakacin kowa ba.

Kammalawa

Sau da yawa mai gaskiya kan faɗi a kotu saboda rashin shaida ko jinkiri. Doka ta ƙayyade wa'adin shigar da ƙara, kuma ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Idan jami'in gwamnati ake ƙara a kan aikinsa, wa'adin kan zama wata 3 kacal. Saboda haka ya kamata wanda hatsari ya rutsa da shi ya nemi rahoton 'yan sanda da na likita, ya adana rasit, ya riƙe sunayen shaidu da takardar inshorar motar, sa'an nan ya tuntuɓi lauya tun rauni bai warke ba.