Bakolori: Yadda saitin zanen kwamfuta ke iya gusar da iyakar gona

Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ita ke shayar da gonakin rani a yankin Talata Mafara, Bakura da Maradun. A 1980, rikicin filaye da diyya ya kai ga kisan manoma a wurin. Saboda haka, taswirar iyakokin gonaki a nan ba abin wasa ba ce.

A yau injiniyoyi na zana irin wannan taswira da manhajoji kamar AutoCAD. Kafin a ja layi ko ɗaya, akan buɗe fayil na tushe mai ɗauke da saiti: ma'aunin tsawo, sikeli, da tsarin da aka bi wajen tantance matsayin wuri. Idan ba a rubuta saitin an adana ba, wanda ya gaji aikin sai ya koma lalube.

Tsofaffin taswirorin Najeriya sun dogara da ma'aunin Minna, na'urorin GPS kuwa da WGS84. Cakuɗa su ba tare da gyara ba na iya gusar da iyaka da gomman mitoci. Bugu da ƙari, layin digiri 6 na gabas, wanda ya raba shiyya ta 31 da ta 32 a tsarin auna wuri na UTM, ya ratsa tsakanin Bakura da Talata Mafara.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa ɗan ƙasa damar neman takardun hukumomin tarayya, ciki har da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Duk mai neman taswirar aikin, ya nemi rubutaccen saitin da aka zana ta da shi.