Kujerar da Ba a Kaɗa Mata Ƙuri'a: Fataken Arewa da Kwamishinan Noma a Kudu

Kafin a kira assalatu, tirelolin albasar Aliyaro da tumatirin Kadawa sun riga sun jeru a bakin gadar Anacha, 'yan dako suna jiran a kwance igiya. A Inugu, shanun da aka ɗoro daga Potiskum da Mubi suna sauka a kasuwar Ugwuoba. A Fatakwal kuwa, mahauta na wasa wuƙa. Kowace mota ta iso da tarin rasiɗai: na lafiyar dabba, na duba amfanin gona, na ƙaramar hukuma, da waɗanda direba bai san sunansu ba, ya dai biya ne don a ɗage shinge. Wasu daga cikin takardun nan daga ma'aikatar noma ta jiha suke fitowa. Mutumin da ke shugabantar ma'aikatar kuwa, babu wanda ya taɓa ganin sunansa a takardar ƙuri'a.

A Amurka ba haka abin yake ko'ina ba. Jihohi 12, ciki har da Texas da Florida da Georgia da Iowa, jama'a ne ke zaɓen mai kula da harkar nomansu kai tsaye. Kujerar tana da nauyi har ta kan zama tsani: Rick Perry ya ci ta a Texas a 1990, bayan shekara goma ya zama gwamna. Manomi a can yana da ranar da zai rama in an ɓata masa.

A Najeriya, sashe na 192 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba gwamna ikon naɗa kwamishina, majalisar dokokin jiha ta tabbatar. Gyaran da aka yi a 2023 ya ƙara wa'adi, wato gwamna ya miƙa sunaye cikin kwana 60 da rantsar da shi. Sau da yawa majalisa kan tantance mutum ba tare da ta san ma'aikatar da za a tura shi ba, don haka ba a tambayarsa ko ya san bambancin ciwon huhun shanu da na kofato. Wanda ya naɗa shi ne ke iya sauke shi da sanarwar layi biyu. A Ribas an ga iyakar ƙarfin kujerar a Maris na 2025: da aka ayyana dokar ta-ɓaci aka dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara, kantoman da aka turo, Ibok-Ete Ibas, ya dakatar da masu muƙaman siyasa. Shanu dai ba su fasa sauka ba.

Shekarar 2021 ce ta nuna wa fatake inda iko yake. A ƙarshen Fabrairu, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta ƙasa ta tsayar da kai kaya Kudu, saboda kashe-kashen 'ya'yanta da yawan karɓar kuɗi a hanya. Cikin 'yan kwanaki tumatir ya yi tsada a kasuwannin Kudu, yana ruɓewa a gonakin Arewa, har aka janye yajin a farkon Maris. Ranar 11 ga Mayu gwamnonin Kudu suka hadu a Asaba suka yanke shawarar hana kiwon sake. Nyesom Wike ya sa hannu a dokar Ribas a Agusta, Ifeanyi Ugwuanyi ya sa a ta Inugu a Satumba. Duk wannan sama da kan kwamishina aka yi shi. Nasa aikin aiwatarwa ne. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, kasuwanni da kwatar yanka kuma tsarin mulki ya lissafa su cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Saboda haka Sarkin Hausawa ko shugaban 'yan shanu da ke da kuka yakan kwana yana zagaya ofisoshi, kowa na nuna masa ƙofar gaba.

Shin zaɓen kwamishinan zai sauya wani abu? Da wuya. Hausawan Ama Hausa a Inugu ko na Bida Road a Anacha tsiraru ne, kuma zaɓen da za a yi kan batun shanu a wannan yanayi zai fi ba mai zafin harshe nasara. Naɗi, duk da aibinsa, yana barin ƙofar sulhu a buɗe. Abin da ya fi ciwo shi ne ko ƙuri'ar da ke hannu ba a amfani da ita. Da yawa sun yi rajista a garuruwansu, in zaɓe ya matso sai su rufe rumfa su hau mota, wasu don su zaɓi na gida, wasu don tsoron abin da ka iya biyo baya. Tsoron ba na banza ba ne. Amma ɗan takarar gwamna yana ƙidaya akwatuna ne, kuma unguwar da ta watse ranar zaɓe ba ta shiga lissafin rabon muƙamai.

Ba kullum aka kasance haka ba. A shekarun 1950, Malam Umaru Altine, Bafulatani dillalin shanu daga lardin Sakkwato, ya shiga jam'iyyar NCNC ta Nnamdi Azikiwe, mutanen Inugu suka zaɓe shi, ya zama magajin garin na farko.

Ga ma'aikatan Abuja, musamman na sabuwar Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi da aka ƙirƙiro a 2024, batun ba na nesa ba ne. Duk takardar manufa da aka rubuta kan rigakafi, ko safarar nama cikin sanyi maimakon dabba a tsaye, a teburin kwamishinan jiha za ta sauka, shi kuma sai ya duba fuskar gwamnansa kafin ya motsa. Anambra ta riga ta yi zaɓen gwamnanta a Nuwamba 2025. Inugu da Ribas za su yi nasu a 2027, kuma hukumar zaɓe tana karɓar buƙatar sauya wurin rajista daga wanda ya koma wata jiha da zama.