Na'urar da Ke Nuna Siffar Wuta: Ko Ta Cancanci Kuɗinka?

Wanda ya taɓa zama a rumfar mai gyaran rediyo a Kokoro, cikin Kilomita Biyar a Bangi, ya san mita, ƴar na'urar nan mai wayoyi biyu, ja da baƙi. Lamba kawai take ba ka. To, akwai yayarta, osiloskof, wadda ke zana wutar a kan gilashi ka ga siffarta da idonka. A da sai manyan ɗakunan gwaji. Yanzu akwai ƙanana masu batir, ƙirar Sin, da za su shiga aljihun riga.

Ina amfaninta gare ka? Wutar ENERCA da ke zuwa daga Boali tana hawa da sauka a hankali, sau 50 a daƙiƙa, kamar tozon raƙumi. Da aka ɗauke ta kuwa, sai a koma ga sola da inbata. Inbata mai araha sau da yawa ba tozo take bayarwa ba, matakala take yi, tsalle-tsalle. Kwan fitila ba ruwansa. Amma fanka za ta yi ta gurnani, injin firji ya yi zafi har ya gaji. In firjin nan shi ke riƙe da allurar rigakafin shanu, ka ga asarar ta wuce kuɗin inbata. A kwali kowa na rubuta cewa tasa mai kyau ce. Gilashin nan shi ke raba gardama cikin minti ɗaya.

Don haka ɗan kasuwa mai sauke inbata daga Duwala ta Garwa-Bulai, a ganina kai ma ta dace da kai, ba mai gyara kaɗai ba.

Wajen saye, duba saurin da take iya gani. Irin DSO138, wadda ake haɗawa da hannu, iyakarta kilohaz 200: ta isa koyo da duba sauti, amma ga cikin rediyo da caja nemi mai megahaz da yawa.

Sai hattara. Wutar 220 ƙololuwarta na kaiwa wajen bolt 310, ƙananan nan kuma ba sa ɗaukar haka kai tsaye. Sa wayar gwaji mai rage ƙarfi sau 10, ko ma sau 100, kuma kada ka gwada tana kan caji.