Labari da Aikin Jama'a a Garuruwan Bakin Gulbi

Gulbi ɗaya, gari ukku

Gulbin Maraɗi ba ya gudu shekara duka. Da rani, rairai ne kawai cikinsa. Yara suna wasa a ciki, amalanke yana ƙetarewa ba wahala. Da damana kuwa sai ya cika, ya yi ja wur, har babban mutum ya ji tsoron shigarsa.

Mafarin gulbin yana cikin ƙasar Katsina, a Nijeriya. Daga can yake shigowa Nijar ta wajen Madarumfa. Sai ya bi ta Jiratawa, ya wuce Maraɗi, ya wuce Tibiri da Gidan Rumji, kana ya sake komawa Nijeriya, inda yake haɗuwa da gulbin Rima. Jiratawa tana kudu da Maraɗi, Tibiri tana arewa maso yamma. Kowace ɗaya ba ta da nisa da birni: kilomita 10 ne ko sama da haka kaɗan.

Katsinawa da suka bar birninsu bayan yaƙin 1807, su suka kafa sarautar Maraɗi. Gobirawa kuma suka kafa Tibiri wajen 1836. Dukansu sun zaɓi bakin gulbi, don akwai ruwa kusa, akwai fadama mai albarka, akwai itace.

Amma zaman bakin gulbi yana da sharaɗi. Ana iya wuni a Maraɗi ba hadari ko kaɗan, da dare gulbi ya zo cike, don an yi ruwa mai yawa can ƙasar Katsina. Mutumen Jiratawa shi ke fara ganin ruwan, sa'an nan na Maraɗi, sa'an nan na Tibiri. In labari ya riga ruwa isowa, mai garka zai kwashe kayansa, makiyayi zai kora dabbobinsa tudu, uwa za ta hana ɗanta ƙetarewa. In ruwa ya riga labari, sai hasara.

Abin da ya faru a 1945

A da, garin Maraɗi cikin fadama yake, dab da gulbi. Gidajen na ƙasa ne, hanyoyin ƙanana. A damanar 1945 gulbi ya yi ambaliya, ya shiga gari, ya rushe gidaje masu yawa. Lokacin nan zamanin Nasara ne. Hukuma ta sa aka tashi gari, aka maida shi bisa tudu. Aka shata hanyoyi masu faɗi, aka gina gidan sarki da babban fili gabansa. Mutane suka hau tudu da sunayen unguwanninsu: Bagalam, Limanci, Maradawa, Ƴandaka, Ɗan Gulbi, Mokoyo.

Sa'an nan mutanen garin ba su kai 10.000 ba. A ƙidayar 2012 an samu mutum 267.249 cikin birnin Maraɗi. Sababbin unguwanni, irin su Zariya da Ali Ɗan Sofo, sun miƙe nesa da gidan sarki.

Hawa tudu bai raba gari da ruwa ba. A ƙarshen watan Agusta na 2024 an yi ruwa mai ƙarfin gaske a Maraɗi. Gidaje suka faɗi, a ƙalla mutum 15 suka rasu. Wannan karo ba gulbi ne ya hau ba, ruwan sama ne ya rasa hanyar wucewa. Shi ya sa yasar magudanun ruwa kafin damana aiki ne na kowa. Shi ya sa kuma, in aka ba da sanarwar za a yi ruwa mai yawa, mai ɗaki tsohon gini ya kamata ya ji ta da wuri.

Ganga, masallaci da kasuwa

Tsohuwar hanyar ba da labari ita ce shela. Magana takan fito daga fada, wajen Sarkin Katsina na Maraɗi ko Sarkin Gobir na Tibiri. Sarki ya gaya ma masu unguwa da masu gari. Su kuma su kira mai shela. Mai shela yana fita da maraice, lokacin da manoma suka komo daga gona. Yakan tsaya a mararraba, ya kaɗa ganga har mutane su yi shiru. Sa'an nan ya ɗaga murya: ya faɗi wanda ya aiko shi, ya faɗi saƙon, ya faɗi rana da wuri. Yakan maimaita sau biyu ko sau ukku, kana ya yi gaba.

Har yanzu ana shela. Wani mai shela ya aje ganga ya ɗauki lasifika, wani yana yawo bisa babur. Amma aikin bai sake ba. Ta bakinsa ake jin ranar allurar rigakafi, da ranar rubuta yara lakkwal, da ranar sakin dabbobi cikin gonaki bayan an gama girbi. Ta bakinsa ake cigiyar yaron da ya ɓace ko akuyar da ta yi dare.

Liman ma yana ba da sanarwa bayan salla. Mata suna jin labari bakin rijiya, da wurin suna, da wurin biki.

Sai kasuwa. Babbar kasuwar Maraɗi tana ci Litinin da Juma'a, ta Tibiri ranar Laraba. Wanda ya je kasuwa ba kaya kaɗai yake komowa da su ba. Yana komowa da kuɗin tiyar hatsi, da labarin inda aka yi shuka, da inda tsutsa ta faɗa ma gero, da gaisuwar ƴan uwa na nesa.

Daga rediyo zuwa salula

Gidan rediyon Nijar ya fara aiki a 1958. A 1962 aka kafa ƙungiyar rediyo-kulob. Mutanen gari sukan taru da dare gindin rediyo ɗaya, su saurari shiri bisa noma, ko kiwon lafiya, ko tarbiyya. In an ƙare sai su yi mahawara. Mai kula da kulob yana ɗaukar muryoyinsu cikin na'ura, ya aika Yamai, a sa su cikin shiri na gaba. Da haka talaka ya fara jin muryarsa cikin rediyo. Wannan babban abu ne: labari ya bar gangarowa daga sama kaɗai, ya fara hawa daga ƙasa.

Ma'aikatar yaƙi da jahilci kuma ta riƙa buga jaridu cikin harsunan ƙasa, kamar jaridar Ganga, don wanda ya koyi karatu ya samu abin karantawa. A 1974 gidan rediyon ƙasa ya ɗauki sunan Muryar Sahel. A zamanin shugaba Seyni Kunce aka farfaɗo da samariya. Sarkin samari yakan sa a yi gangami, matasa su fito su share hanyoyi, su gina aji, su gyara maƙabarta.

Daga shekarun 1990 aka buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu. Anfani da Sarauniya suka kafa tashoshi a Maraɗi. Da kuɗi kaɗan mutum yana ba da sanarwar rasuwa, ko ɗaurin aure, ko taron ƙungiya, a ji ta har Tibiri da Jiratawa.

Salula ta shigo Nijar a 2001. Kafin nan, ɗan kasuwa sai ya hau mota ya je wata kasuwa kafin ya san kuɗin hatsi a can. Wani bincike da aka yi bisa kasuwannin hatsi na Nijar, daga 2001 zuwa 2006, ya nuna bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 inda salula ta kai. Yau mai garka a Jiratawa yana iya kiran ɗan uwansa na Tibiri ya ce masa gulbi ya taso. Wanda bai iya karatu ba yana aika saƙon murya ta WhatsApp.

Ayyukan da ke jiran mutane

Labari ba don jin daɗin kunne kaɗai ake ba da shi ba. Yawancinsa kira ne zuwa ga wani aiki.

Na farko, likita. Ƙauyuka suna da ɗakin shan magani, manyan garuruwa suna da likita mai ungozoma, Maraɗi tana da manyan asibitoci. A Danja, kudu da Maraɗi, akwai asibitin da aka daɗe da sani da maganin kuturta. A 2012 aka ƙara masa sashen matan da suka samu yoyon fitsari wajen haihuwa. A 2006 gwamnati ta yanke cewa a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Da damana, lokacin sauro, ma'aikata suna bi gida-gida, wata-wata, suna ba yara ƙanana maganin rigakafin masassara. Duk wannan yana nan. Amma in uwa ba ta ji ranar ba, ta tafi gona da ɗanta goye, ma'aikaci zai tarda ƙofa rufe. Magani ya zo gari, bai kai bakin yaro ba.

Na biyu, ma'aikatar magajin gari. Tibiri da Jiratawa kowace kwamin ce mai zaman kanta, birnin Maraɗi kuma an raba shi kashi ukku. An yi zaɓen farko na majalisun kwamin a 2004. A 2024 aka rushe majalisun, gwamnati ta naɗa wakilai su riƙe ayyukan. Ko wa ke riƙe da ma'aikatar, aikinta ɗaya ne: takardar haihuwa, ta aure da ta rasuwa, tsabtar gari, tsarin kasuwa da tasha. Yaron da aka rubuta haihuwarsa cikin lokaci yana samun takarda ba wahala. Wanda aka manta, sai an je gaban alƙali da shaidu, sau da yawa lokacin da jarrabawa ta matso.

Na ukku, ruwan noman rani. A farkon shekarun 1980 aka gyara fadamar Jiratawa, fili mai faɗin fiye da hekta 500. Ba daga gulbi ake ɗibar ruwan ba. An haƙa rijiyoyi masu zurfi, waɗanda ake ce ma foraj, injin lantarki yana jawo ruwa ya zuba cikin hanyoyin siminti. Ma'aikatar ONAHA, wadda aka kafa a 1978, ita ke taimakon manoma da dubarun aiki. Manoman suna da koperatif, sun kasu ƙungiya-ƙungiya, kowace da rijiyarta. Suna noma tamakka, wato zogale, da albasa, da tattasai, da masara, da yajin yawo. Kayansu suna cika kasuwar Maraɗi.

A nan ma labari shi ne gishirin aiki. Kowane manomi yana da ranar ban ruwansa. In inji ya lalace, ko wuta ta ɗauke, dole a sake tsari, dole kowa ya ji. Bayan girbi ana taro a faɗi kuɗin ruwa da kowa zai biya. In an karanta lissafi a fili, mutane suna biya da daɗin rai. In an ɓoye, sai zargi ya shiga, kuɗi su ƙi taruwa, inji ya tsaya.

Ruwan gulbi kansa yana bukatar magana tsakanin ƙasa da ƙasa, don Nijeriya ta gina madatsa a Jibiya, bisa hanyar ruwan. A 1990, a Maiduguri, Nijar da Nijeriya suka sa hannu ga yarjejeniya bisa rabon ruwan gulabe huɗu da suka haɗa su. Gulbin Maraɗi yana cikinsu.

Labari da jita-jita

Ba duk abin da kunne ya ji ne labari ba. A 2003 wata jita-jita ta bazu daga arewacin Nijeriya, wai maganin shan-inna yana hana haihuwa. Iyaye da yawa suka ɓoye ƴaƴansu. Ciwon ya ƙaru, ya ƙetare iyaka, ya naƙasa yara a ƙasashen biyu. Sai da sarakuna da malamai suka tashi tsaye, suka shiga gari-gari suna bayani, kana mutane suka sake buɗe ƙofofinsu. A 2020 aka bayyana cewa an kau da ƙwayar shan-inna ta asali daga Afirka.

Salula tana kai gaskiya da sauri, tana kai ƙarya da sauri. Saboda haka mai hankali yakan yi tambaya ukku kafin ya ba wani labari. Wa ya faɗa? Yaushe ya faɗa? Ya gani da idonsa, ko ji ya yi? Mai shela na da ya san wannan, shi ya sa yake fara faɗin wanda ya aiko shi.

Ɗan lakkwal yana da nasa rabo cikin wannan aiki. Shi ke karanta ma kakarsa ranar da aka rubuta bisa katin likita. Shi ke karanta takardar da aka manna ƙofar ma'aikatar magajin gari. Ya san lambar ƴan sanda 17 ce, ta masu kashe gobara 18. In ya ga gulbi yana tasowa, ba ya tsayawa kallo: yana gudu ya gaya ma manya.

Tambayoyi

1. Daga ina Gulbin Maraɗi yake fitowa, ina yake ƙarewa?
2. Don mi gulbi yake cika ko ba a yi ruwa a Maraɗi ba?
3. Mi ya faru a 1945? Ina aka maida gari?
4. Wane sabon abu rediyo-kulob ya kawo?
5. Don mi ake karanta lissafin kuɗin ruwa a fili a Jiratawa?
6. Waɗanne tambayoyi ukku ake yi kafin a ba wani labari?

Aiki

Ku tambayi mai unguwarku sanarwar da aka ba da cikin wannan wata. Ku rubuta ɗaya cikin layi 5, yadda mai shela zai faɗe ta: wanda ya aiko, saƙon, rana da wuri.