Ƙurajen Fuska

Jama'ar Dingaya da kewaye, ku dubi samarinku da 'yammatanku. Da wuya a shiga gida uku ba a tarar da mai ƙurajen fuska ba. Waɗansu su kan ce dattin jini ne, waɗansu kuwa su ce sammu. Ba haka ba ne. Ga asalin abin.

A jikin fata akwai 'yan ƙananan ƙofofi inda gashi ke fitowa. A gindin ko wace ƙofa akwai 'yar jaka mai yin maiƙo, don kada fata ta bushe. In yaro ya kai balaga, watau wajen shekara 12 zuwa 15, sai maiƙon nan ya yi yawa. Sai ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofar, kamar yadda shara ke toshe kwata da damina. Daga nan ƙwayoyin cuta su sami mazauni, wurin ya kumbura, ya tara mugunya. Shi ke nan ƙurji ya fito. Ba a ɗaukarsa daga wurin wani.

Balaga dai ba mai hana ta. Amma akwai abubuwa huɗu da mu kan yi da hannunmu, su ke ƙara ɓata fuska.

Na ɗaya, matsa. Yarinya ta zauna gaban madubi tana matse ƙurji da farce. Ba ta san tura dattin ta ke yi can ciki ba. Ƙurjin da zai baje cikin 'yan kwanaki sai ya bar baƙin tabo na wata da watanni, wani ma ya bar rami har tsufa.

Na biyu, dirza. Ƙurajen nan ba dauɗa ba ce, balle soso ya kankare ta. Wanda ya dirje fuska da soso mai kaushi, ko da sabulun wanki, fata ya ke ji wa ciwo. A wanke fuska da tafin hannu, da sabulu marar zafi, safe da dare, da kuma bayan an dawo daga gona da gumi. Ya isa.

Na uku, mai mai nauyi. Da hunturu man kaɗanya da basilin suna da amfani ga kaushin ƙafa da hannu. Amma in mai ƙuraje ya lafta su a fuska, ya ƙara toshe ƙofofin. Haka kuma kwana da hoda a fuska, da kwanciya a kan matashin da ya sha man kitso.

Na huɗu, shi ya fi muni, watau man ƙara haske. Da yawa daga cikin irin wannan mai akwai magani mai ƙarfi a ciki, wanda likita kaɗai ya kamata ya ba da shi. Da fari fuska ta yi haske, mai ita ta yi murna. Bayan 'yan watanni sai fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su feso fiye da na da. Garin neman gira an rasa ido ke nan. A shekarar 2023 hukumar NAFDAC, mai kula da abinci da magunguna, ta yi shela cewa shafe-shafen nan sun zama babbar barazana ga lafiyar jama'a. To, ku da kuka iya karatu, ku duba jikin kwali kafin ku biya kuɗi. In kun ga an rubuta Clobetasol ko Betamethasone, ku ajiye shi. Ku karanta wa maƙwabta kuma.

In ƙuraje sun yi manya, suna zafi, a tafi asibiti mafi kusa, ko babban asibitin tarayya na Birnin Kudu. Sai an yi haƙuri, gama maganin ya kan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin a ga aikinsa. Iyaye, kada ku bari sai biki ya matso sa'an nan a shiga shafe-shafe. Ku gaya wa yara tun yau su ɗauke hannu daga fuskarsu.