Motocin Lantarki: Ina Wutar Da Za Su Sha?

MINNA: An ji kukan tsadar mai ƙwarai bayan 29 ga watan Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Daga wannan rana ce maganar motoci masu aiki da lantarki ta bar zauren masana ta shigo tashoshin mota. Masu goyon bayansu na cewa ba sa fitar da hayaƙi, ba sa shan mai, kuma za su taimaki Nijeriya ta cika alkawarin da ta ɗauka a taron Glasgow na 2021, cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa kafin shekarar 2060.

Alal haƙiƙa, idan akwai inda ya kamata wannan magana ta tabbata, to Jihar Neja ce. A nan ne madatsar ruwa ta Kainji take tun 1968 da ƙarfin megawat 760, ga ta Jebba a kan iyaka da Kwara mai megawat 578, ga ta Shiroro ta 1990 mai megawat 600, sa'an nan ga ta Zungeru mai megawat 700. Jimilla ta haura megawat 2,600, dukkanta daga ruwa. Motar da ta sha irin wannan wuta, babu shakka ta fi ta fetur tsafta.

To amma fa wutar ba a Minna take tsayawa ba. Tana shiga babban layin ƙasa ne, inda take haɗuwa da ta tashoshin iskar gas, waɗanda su ke ba da kusan kashi uku cikin huɗu na lantarkin Nijeriya. Abin da ake rabawa kuwa ba kasafai yake wuce megawat 5,000 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Idan ba a manta ba, a watan Oktoba na 2024 lalacewar layin Shiroro zuwa Kaduna ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu na fiye da mako guda. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Saboda haka mai motar lantarki a Bosso ko Tunga, ranar da aka ɗauke wuta, janareta zai tayar ya yi mata caji. Hayaƙin bai tafi ko'ina ba, wuri kawai ya sauya, daga salansar mota zuwa bayan gida. Kuɗin mai ma yana nan.

Abu na biyu shi ne batir. Ƙera shi na cin makamashi mai yawa, shi ya sa motar lantarki take fitowa daga masana'anta da bashin hayaƙi a kanta, wanda sai ta yi tafiyar dubban kilomita da wuta mai tsafta kafin ta biya. Ma'adinan da ake yin sa da su kuma daga ƙasa ake tono su. Kimanin kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, kuma tonon litiyam ya riga ya kankama a Nijeriya, har an buɗe masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa a 2024. Mutanen Neja sun san illar tono ba bisa ƙa'ida ba, domin a 2015 gubar dalma daga haƙar zinariya ta hallaka yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi. Har ila yau, akwai tambayar inda za a kai matattun batura, na motoci da na sola.

Ita kanta wutar ruwan ba kyauta aka same ta ba. Gina Kainji ya sa an tashi mutane fiye da 40,000, tsohuwar Bussa ta nutse, kuma manoman bakin kogi na fama da ambaliya duk lokacin da aka saki ruwa. Wannan ne ya sa aka kafa hukumar HYPPADEC, mai hedkwata a Minna. Duk lissafin da bai saka asararsu a ciki ba, bai cika ba.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da fasahar. Abin da hankali zai ɗauka shi ne a bi ta daki-daki. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu, don haka ya kamata Neja ta fara tabbatar da wuta a gidaje da masana'antu, a kafa tashoshin caji masu hasken rana irin wadda aka buɗe a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021, a kuma ba keken a-daidaita-sahu da motocin haya fifiko, tun da su ne ke ɗaukar talakawa. Ya zama wajibi kuma a tilasta wa masu shigo da batura su karɓi matattunsu. In ba haka ba, za a yi gudun gara a faɗa gidan zago.